Yadda Na Mayar Da Littafi Murya Saboda Inna

Inna tana cikin matan da suka koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci bayan sun yi aure, kuma tun daga ranar da ta iya haɗa baƙi ba ta sake rabuwa da littafi ba. A shekarun 1990, lokacin da littattafan Hausa suka cika Kano, ni take aika wajen mai hayar littattafai a bakin layinmu. In karɓo kashi na ɗaya, bayan kwana biyu in mayar in karɓo na biyu. Ta fi son labarin gida mai sarƙaƙiya, wanda wani abu ya ɓace ko aka binne wani sirri, ana ta zargin juna har sai shafin ƙarshe. Da ciwon sukari ya taɓa mata ido, ba ta yi ƙorafin komai ba sai wannan. Ranar da na je na tarar ta riƙe littafi dab da hancinta tana juya shi wajen hasken taga, na koma gida ban iya cin abincin dare ba.

Da farko karanta mata nake yi duk ranar Asabar in na je gida. Amma ni malamar makaranta ce, ga miji ga yara, kuma labari ba ya jiran mako. Sai na koma ɗauka a waya ina tura wa ƙanena ta WhatsApp, shi kuma ya kunna mata. Ba a yi wata ɗaya ba ya kira ni ya ce, "Yaya, kin san yanzu mata biyar ke zama a ɗakin Inna bayan la'asar? Har Goggo ta ce in tura mata a wayar jikarta." A nan na tsaya. Karanta wa mahaifiyata littafin da na saya da kuɗina abu ne daban, muryata kuma ta fara yawo daga waya zuwa waya ɗauke da gumin wata, wannan wani abu ne daban. Na ce ya dakata da turawa, zan nemi mai littafin.

Lambarta tana bangon baya, kamar yadda marubutanmu suka saba sakawa. Na kira, na gaishe ta, na ce, "Anti, ina so ne in karanta littafinki a ɗauka a murya, da izininki." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ni ce ta farko da ta taɓa tambaya. Ta ce ta sha cin karo da littattafanta ana karantawa a intanet, an yanke sunanta, an sauya wa labarin suna, ba wanda ya ce mata ko sannu. Don haka ba ta amsa nan take ba, kuma ban ga laifinta ba. Sai da muka yi magana sau uku. A karo na uku na je gidanta da takarda a rubuce: ta ba ni izinin wannan littafin shi kaɗai, na tsawon shekara biyu, sunanta zai fito a kowane babi, ba zan sauya kalma ba sai na tambaye ta, abin da aka samu kuma mu raba biyu bayan an cire kuɗin data. Mijinta da ƙanena suka sa hannu a matsayin shaidu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, tana kare rubutun marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma mayar da littafi sauti yana cikin abin da sai da yardarsa. Amma ko babu doka, haƙƙi haƙƙi ne, kuma ba na son Inna ta saurari abin da aka samo ta bayan gida.

Ta turo mini rubutun a fayil, wanda ta buga da kanta a waya kafin a kai maɗaba'a. Na ɗauka aikina buɗe baki ne kawai. Shafi na bakwai ya nuna mini ba haka ba ne.

Labarin na wani attajiri ne da ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha ɗaya, ranar rabon gado aka nemi takardar babban gida aka rasa. A shafi na bakwai an rubuta cewa kafin ya kwanta ciwo "ya bata takardar". Babu ƙugiya a kan harafi, babu tazara tsakanin kalmomi. To, ya ba ta takardar ne, ko ya ɓata takardar? In ɓatawa ya yi, babu abin nema, labari ya mutu a nan. In bayarwa ya yi, akwai wadda take riƙe da ita tana kallon kowa. Mai karatu da ido zai wuce wurin da shakkarsa, ya warware daga baya. Mai karatu da baki ba shi da wannan damar, dole harshensa ya zaɓi ɗaya. Na kira ta, ta ce bayarwa ce, kuma duk ginin littafin a kan wannan jimlar yake.

Daga ranar na buga rubutun gaba ɗaya a takarda, na zauna da jan biro na mako biyu. Na mayar da kowace ƙugiya wurinta, ɓ da ɗ da ƙ, na raba kalmomin da aka manne. Sannan na shiga abin da rubutunmu na boko ba ya nunawa ko kaɗan, wato hawa da saukar murya da jan wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka wuya ta wahala da wuya na jiki, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. A hira ba ma taɓa kuskurensu, amma in ido yana gudu a kan layi, baki yakan riga hankali isa wurin. Na riƙa sa ɗan alama a saman irin waɗannan kalmomi. Na sa sanda ɗaya inda zan ja numfashi, sanda biyu inda zan yi shiru sosai. Akwai kuma wata tsohuwa a labarin, Basakkwaciya, wadda marubuciyar ta bar mata harshenta, tana cewa "mi" da "biyat". Ni Bakanuwa ce, in na kwaikwaya da ka sai ya fita kamar ba'a. Na kai wa wata abokiyar aikina 'yar can, ta karanta mini duk maganganun tsohuwar a waya, na yi ta saurara a hanyar makaranta har lafazin ya zauna mini.

Wajen kayan aiki ban kashe da yawa ba. Wayata, da ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, da tsohuwar kwamfutar ƙanena. Abin da ya ba ni wuya shi ne wuri. Ban taɓa sanin unguwarmu tana da hayaniya haka ba sai da na saurari ɗaukar farko: injin niƙa a bayan gida, adaidaita sahu, akuyar maƙwabta, yara a tsakar gida, ga muryata tana dukan bangon siminti tana dawowa kamar a cikin rijiya. In an ɗauke wuta da dare kuma janareta ke karɓar layi. Daga ƙarshe na buɗe durowar kayana, na zauna a kujera 'yar tsugunno ina fuskantar atamfofin da ke rataye, na rufa bargo daga saman ƙofofin zuwa bayana. Tufafi suna shanye amo. Lokaci kuma sai daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa kafin kiran sallar farko, sa'ar da masu janareta sun kashe, zakaru ba su fara ba.

Watan Afrilu ne, zafin Kano yana haura 40 da rana, dare ma bai sauka ba, kuma fanka ba ta kunnuwa don makirufo yana kama ta. Minti ashirin nake iyawa a ƙarƙashin bargon, in fito in sha ruwan ɗumi da zuma, in goge fuska, in koma. Takarda ma sai da na rabu da ita a wurin, don duk juya shafi yana shiga. Na ɗauki hoton shafukan da na yi wa alama ina karantawa daga wayar maigida. In na yi tuntuɓen harshe ba na tsayar da ɗauka, sai in tafa hannu sau ɗaya in maimaita jimlar. Tafin yana fitowa a kwamfuta kamar tsinin mashi, ƙanena ya gane inda zai yanke ba tare da ya saurari komai daga farko ba. Kafin in fara kowane dare kuma nakan bar rabin minti shiru, don ya samu samfurin iskar ɗakin.

Babi huɗu na kammala, na kai wa Inna ta ji kafin kowa. Ta kwanta a gadonta, ta rufe ido, waya a kan filo. Abu na farko da ta ce shi ne in rage sauya murya. Na yi wa maza kauri, na yi wa yara siranta, ta ce hakan yana ɗauke mata hankali daga maganar. "Ke dai ki karanta, zan gane mai magana." Na karɓa. Amma da aka kai tsakiyar babi na huɗu, inda amaryar marigayin take kawo wa baƙi ruwa tana ba kowa haƙuri, sai Inna ta buɗe ido ta ce, "Wannan ita ce ta ɓoye takardar."

Gabana ya faɗi, don a littafin ba a gane haka sai babi na ashirin da shida. Na ce, "Inna, me kika ji?" Ta ce, "Ba abin da ta faɗa. Ke ce ba kya son ta. Duk sanda kika zo kanta sai muryarki ta yi sanyi, kamar mai gaisawa da wanda ya cuce ta."

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na koma gida na saurara da kunnen basira, na tarar gaskiya ta faɗa. Na riga na karanta ƙarshen, na san abin da matar ta aikata, kuma sanin ya zubo cikin muryata ban sani ba. Nakan ɗan ja "sannunku" ɗinta, nakan bar ɗan shiru bayan ta yi magana, kamar ina ce wa mai sauraro ya lura. Marubuciyar ta yi wata da watanni tana ɓoye matar nan a bayan ladabi da hawaye, ni kuma na tona ta a dare huɗu. A wannan daren na fahimci mene ne ainihin aikin. A labarin bincike, mai karantawa yana riƙe da amanar sirri. Dole ya san ƙarshe don kada ya yi kuskuren lafazi irin na shafi na bakwai, kuma dole a kowace jimla ya zama kamar bai sani ba. Kowane mutum a labarin sai a ba shi muryar da yake jin kansa da ita. Amaryar ba ta ɗauki kanta muguwa ba. Yarinya ce da aka aurar ga tsoho, ta ga za a raba gida a bar ta da jariri a titi. Da na zauna na yi tunaninta ta wannan fuskar, sai na ji tausayinta na gaske, kuma da shi na sake karanta ta.

Na goge babi huɗun duka. Ƙanena ya ce a yanko wuraren amaryar kawai a sake, amma murya ba ta zama ɗaya a dare biyu, ɗinkin zai fito. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na sake daga bismilla.

Tacewa aikinsa ne, ni ina gefe ina kallo har na koya. Da manhajar Audacity yake yi, wadda kyauta ce. Ya yanke kurakurai, ya rage ƙarar numfashi ba tare da ya share shi duka ba, don karatu babu numfashi yana fita kamar na inji. Ya nuna wa manhajar shirun nan na rabin minti, ta gane hucin ɗakin ta rage shi. A nan ma mun yi karo: in aka matsa ragewar da yawa, murya takan koma kamar ana magana a cikin gwangwani. Ma'aunin da muka bi na ACX ne, dandalin da ake bi ta cikinsa a shigar da aiki Audible, kasuwar littattafan sauti ta intanet. A ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira decibel, suna so ƙololuwar ƙara kada ta wuce -3, matsakaicinta ya tsaya tsakanin -23 da -18, hucin bayan fage kuma ya yi ƙasa da -60. Dandalin na mazauna Amurka, Birtaniya, Kanada da Ayalan ne, don haka ba can muka nufa ba. Mun ari ma'aunin ne don babi na ɗaya da na ashirin su zo da ƙarfi ɗaya, kada tsohuwa ta riƙa laluben maɓallin ƙara. Duk awa ɗaya da mai sauraro zai ji, ta ci mana kusan awa biyar tsakanin ɗauka da tacewa.

Nauyin fayil kuma sai da muka yi masa lissafi irin namu. In aka fitar da MP3 a kan kilobit 192 a daƙiƙa, wato mai ingancin sauti sosai, awa ɗaya tana kai megabayit 86. Matar da ke sayen data ta kwana ɗaya ba za ta sauke wannan ba. A kan 64, awa ɗaya ba ta kai megabayit 30 ba, kuma tunda magana ce ba kiɗa ba, kunne ba ya jin bambanci a lasifikar waya. Muka adana mai nauyin, muka raba mara nauyin.

Ana cikin wannan aikin na ci karo da tarihin da ya ƙara mini ƙarfi. Littafin sauti tun asalinsa saboda irin su Inna aka ƙirƙiro shi. A Ingila an fara shi a 1935, a faifan garmaho, musamman domin sojojin da suka rasa idanunsu a yaƙin duniya na ɗaya, kuma cikin na farkon da aka ɗauka akwai labarin binciken kisa na marubuciya Agatha Christie. Ke nan shekara casa'in da suka wuce wani ya zauna gaban makirufo yana fama da irin matsalata, yadda zai karanta mai laifi ba tare da ya tona shi ba. Mu kuwa sauraron labari ba baƙonmu ba ne. Da tatsuniya aka raine mu, gidajen rediyonmu sun daɗe suna karanta littattafai, Sashen Hausa na BBC ma tun 2016 yake gasar Hikayata, ana karanta labaran matan da suka yi fice a iska. Kunnen Bahaushe a shirye yake, aikin kirki kawai yake jira.

Babi ashirin da takwas suka fita awa goma sha ɗaya da 'yan mintuna, cikin wata uku. Na kai wa marubuciyar ta saurara kafin a saki. Gyara biyu ta yi, sunan wani ƙauye da na ja wasalinsa ba daidai ba, da wata addu'a da na yi wa sauri. Muka buɗe zaure a WhatsApp ga masu biya, babi biyu a mako, Talata da Juma'a, sannan bayan mako biyu mu ɗora a YouTube da hoton bangon littafin. YouTube ba ya fara biyan mai tasha kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, don haka ba mu sa rai da nan kusa ba. Ba a jima ba wani ya kwashi babi shida ya ɗora a tasharsa, ya yanke gabatarwar da ke ɗauke da sunan marubuciyar. Takardar nan da muka sa wa hannu ita ta yi mana rana, da ita muka shigar da ƙorafi aka sauke. Tun daga nan nake faɗin sunanta a tsakiyar babi ma, a wurin da labari ya ɗan numfasa.

Saƙonnin da suka riƙa shigowa yawancinsu na murya ne, ba rubutu ba, kuma wannan kaɗai ya gaya mini su wa ke saurare. Wani tela ya ce da shi yake raba dare a kan keke lokacin ɗinkin sallah. Wata daga Maraɗi ta ce da Faransanci ta yi makaranta, Hausa a bakinta take amma karanta ta yana yi mata nauyi, wannan ne littafin Hausa na farko da ta kai ƙarshensa. Wani ɗalibi makaho ya roƙi in riƙa faɗin lambar babi a farkon kowane fayil, don yana da wuya ya gane inda ya tsaya. Na koma na ƙara a duka ashirin da takwas ɗin.

Inna kuwa ba ta hannun waya na ba ta ba. Na saya mata ƙaramar rediyo mai cin memori, mai manyan maɓallai, ƙanena ya ɗiga ɗan gam a kan na kunnawa don yatsanta ya gane shi. Ta fara daga farko tare da matan da ke zuwa bayan la'asar. Da suka wuce babi na tara ta kira ni da kanta ta ce, "Anya ban ɗauki alhakin yarinyar nan ba? Na ce ita ce, amma yanzu uwargidan nake zargi. Allah Ya yafe mini zato." Na ce amin, na yi sauri na sauya magana zuwa maganinta.

Ranar babi na ashirin da shida na tabbatar ina nan. Mata shida a ɗaki, Goggo ta ajiye tsintar shinkafar da take yi. Aka zo inda jaririn ya yi amai, aka kwance zanen goyonsa, takarda ta faɗo daga cikin lanƙwasar da aka ɗinke. Ɗakin ya ɗauki salati. Inna ba ta ce komai ba har babin ya ƙare, tana riƙe da rediyon a cinyarta da hannu biyu. Can ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Ashe dai ita ce. Kuma har na tausaya mata." Ta miƙo mini rediyon. "Mayar mini babi na huɗu, inda take kawo ruwan nan. Ina so in sake jin ta."